Rafali da Sanfefar Baba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin in fara, baiwar Allahn da ta rubuto min cewa wai mace mai aikin fenti ba ta samun miji saboda warin tina, ruwan nan da ake sirka fenti da shi, na gode da kulawa. Warin tina dai sabulu yana fitar da shi, sai ki nemo wata matsalar.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, ni ce 'yar mai fentin babura. Shekaruna ashirin da bakwai, goma sha ɗaya daga ciki a shagon Baba na yi su. Ba ni nake feshi ba, don Baba ba ya ba kowa bindigar feshinsa ko da zazzaɓi yake yi. Aikina shi ne abin da ke zuwa kafin feshin, wato cire tsohon fenti daga robobin babur da na faiba, mai kama da roba amma da zare a ciki, har su koma yadda aka ƙera su. Aikin zama ne da bokitin ruwan sabulu da sanfefa, takardar nan mai kaushi ta gurza, kuma ba yabon kai ba, duk layinmu babu hannun da ya kai nawa.

Akwai kuma wanda yake so na. Malamin motsa jiki ne a wata makarantar sakandare, ranakun Asabar da yamma kuma yana hura usur a wasan ƙwallo, shi ya sa kowa ke ce masa Rafali. Shi kuma Kyaftin yake ce min. Dogo ne, ba ya iya zama wuri ɗaya, ko gaisuwa yake yi sai ka ga yana duba agogo. Mutum ne mai son doka har abin ya yi yawa. Mun taɓa tsayuwa a danja babu mota ko ɗaya, rana tana dukanmu, ya ƙi wucewa sai da ta ba da hannu. Ina son shi, ba zan ɓoye muku ba, irin son da ke sa mutum ya yi ta murmushi shi da bokiti.

Matsalar ita ce Baba. Shi ba ya tambayar mai neman 'yarsa nawa ne albashinsa ko wane ne kakansa. In mutum ya zo gaishe shi da wannan niyya, sai ya miƙa hannu cikin tarin tsofaffin kayan da ke bayan shago, ya zaro murfin gefen babur guda, ya haɗa masa da sanfefa, ya ce, "Je ka cire min fentin nan. Kar ka ji wa robar ciwo. Mako guda." Shi ke nan. Mijin Yayata ya yi, har yau in an taru sai ya ba da labarin yadda yatsunsa suka yi kanta. Ni kuwa mutum biyu aka ba kafin Rafali. Na farko ya kai wa wani mai fenti ya yi masa, Baba ya duba ya ce ya gaida wanda ya yi aikin. Na biyu ya tafi da murfin, har yau ba mu sake ganin shi ko murfin ba.

Ranar Asabar da ta wuce aka ba Rafali nasa, wani jan murfin roba da ya sha duniya. Baba ya ƙara masa sharaɗi guda da bai yi wa sauran ba. Ya nuna ni da baki ya ce, "Kar ka tambayi wannan komai." Rafali ya ce to, kuma da yake shi ne, ya riƙe maganar tamau. Kwana huɗu ina aika masa da "Ya aiki?" yana amsa min da "Alhamdulillah" da hoton babban yatsa.

Umma ce ba ta da sukuni. Tun da ƙanwar ƙawata ta haihu na biyu, Umma ta daina kallon fuskata, hannuna take kallo.

"Wannan tafin naki ko dutsen goge kaushi," in ji ta ranar Talata, tana murza min man kaɗanya kamar da shi za a gyara komai. "Ubanki ya kore min mutum biyu da robar banza. In ya kori wannan, ni da shi ne."

"Umma ai ba korarsu yake yi ba, su suke korar kansu."

"Rufe min baki. Ke da shi bakinku ɗaya, ku zauna ku auri shagon."

Laraba bayan la'asar, ina tsugune ina ɗumama wata sitika da na'urar busar da gashin Yaya don ta ɓanɓaru ba tare da ta bar gam ba, wayata ta yi ƙara a aljihun rigar aiki. Na goge hannu na duba. Hoto ne daga Rafali, babu rubutu.

Na daɗe ina juya wayar kafin in gane abin da nake gani. Murfin ne. Tsakiyarsa ya lotsa, gefe ɗaya ya nannaɗe, fuskar duk ta yamutse ta yi ƙuraje, ga wani tsagu tun daga ramin kusa har ƙasa. Jan fenti da shuɗi da rawaya sun cakuɗe da baƙar robar sun zama abu ɗaya.

Na rubuta: "Mota ce ta taka shi?"

"A'a."

"Gobara?"

"Magani na shafa."

Na fita bayan shago na kira shi. Muryarsa kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wai kwana uku yana gurza, da ya samu jan ya fita sai ya tarar da shuɗi a ƙasa. Ya daure ya ci gaba, shuɗin ya fara fita sai ga rawaya. A nan zuciyarsa ta karye. Ya je shagon masu sayar da fentin gini, suka ba shi wani gwangwani suka ce minti goma ya isa. Kuma da ya shafa, fentin ya taso yana kumfa har ya ji daɗi, sai ya ƙara, ya rufe da leda, ya tafi sallah.

"Me aka zana a jikin gwangwanin?" na tambaye shi.

"Ƙofar ƙarfe."

"To murfin da Baba ya ba ka ƙofar ƙarfe ce?"

"Baba bai ce kar a sa magani ba, Kyaftin. Na yi ta juya maganarsa, babu inda ya hana."

"Ya ce kar ka ji wa robar ciwo."

Sai ya ce, "Wannan kam na ji mata."

Bari in gaya muku don kar wani ya kwaikwaya. Maganin cire fentin ƙarfe bai san bambancin fenti da roba ba, duka ci yake yi. Ko faiba, wadda ta fi roba taurin kai, in aka shafa mata sai ya cinye santsin samanta ya bar zare a waje, in an yi feshi ta yi ta shan fenti ba ta ƙoshi. In ma dole sai an sa wani abu, akwai mai sanyi da aka yi don roba, shi ma a cikin murfin ake fara ɗigawa inda ido ba ya gani, a jira a ga halinsa. Duk wannan da ya tambaye ni da numfashi ɗaya zan gaya masa. Amma an ce kar ya tambaya, shi kuma ɗan doka ne. Garin neman gira ya rasa ido.

"Gobe zan kawo masa, in gaya masa abin da ya faru," in ji shi.

"Kar ka kuskura."

"To me zan yi?"

"Ka ba ni zuwa anjima."

Da na koma gida ban yi niyyar gaya wa Umma ba, amma Umma tana karanta fuskata tun daga ƙofa. Na nuna mata hoton. Ta sa tabarau, ta kalla, ta cire, ta yi salati a hankali. Sai ta jawo kujera ta zauna dab da ni, ta rage murya duk da babu kowa a gidan.

"Irin wannan murfin, shi kaɗai aka ƙera a duniya?"

"A'a, yana nan birjik a kasuwar tsofaffin kaya."

"In an cire fentin, ana gane wannan daga wancan?"

"Duk baƙar roba ce."

"To me kike jira?"

Zan so in ce muku na yi gardama. Zan so in ce na tuna shekara goma sha ɗaya da Baba bai taɓa bin bayan aikina ba, in na ce na gama ɗauka kawai yake yi ya fesa. Gaskiya ita ce tun a hanya na riga na yi wannan tunanin, jira kawai nake wani ya faɗa da bakinsa don in samu wanda zan jingina wa. Tsoro nake ji. Na ga mutum biyu sun tafi ban damu ba, amma wannan in ya tafi zan damu.

Na rubuta wa Rafali: "Na samo mafita. Zan nemo irinsa in yi maka. Asabar ka karɓa a kwanar shago ka shiga da shi."

Ya karanta. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Wannan ai shigo da ɗan wasan da ba ya cikin takarda ne."

"Ba filin ƙwallo muke ba."

"Mai neman ki na farko ma ai haka ya yi aka gane."

"Na farkon gwani ya kai wa ya yi masa aikin gwanaye. Ni aikin 'yan koyo zan yi maka. Na san inda idon Baba yake tsayawa, ba zai taɓa ganewa ba."

Sai ga amsarsa: "Kin saba ne?"

Na tura masa fuskar dariya guda uku. Shi bai turo ko ɗaya ba, ni kuma ban tsaya lura ba, ina can ina lissafin lambar sanfefa.

Alhamis da safe Umma ta tari Baba da cewa kaina na ciwo. Ya leƙo ɗakina da hularsa a hannu ya ce in sha magani in kwanta, aikin zai jira. Yana fita na zura doguwar riga ruwan toka, na yafa babban mayafi har goshi, na sa takunkumi kamar mai mura, don rabin 'yan kasuwar tsofaffin kaya sun san ni. Rumfa ta huɗu na samu irinsa. Na juya bayansa na shafa, santsi ne da 'yan haruffa a jiki, roba ce ta asali. Da faiba ce da na ji kaushin zare yana sosa min yatsa. Kore ne, amma wannan ba damuwa ba ce tunda koren ba zai kwana biyu ba.

Da na dawo gida, bayan tankin ruwa na kafa shago. Umma ta ɗauko tabarma ta zauna a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, ita ce mai gadi. Na wanke murfin da ruwan sabulu, na jiƙa sanfefa, na naɗe ta a guntun soso, na fara da mai kaushi. Koren ruwa ya fara gangarowa ta gwiwar hannuna. Ƙarƙashin koren fari ne, ƙarƙashin farin kuma sai robar, na ce Allah ya taimake ni wannan bai yi yawon masu fenti da yawa ba.

"Ba ki da injin nan mai juyawa? Ki yi sauri mana," in ji Umma.

"Injin zafi yake yi, Umma, narkar da ita zai yi. Sai mu koma gidan jiya."

"Komai naku sai an sha wahala."

Cire fentin bai ba ni wuya ba. Ɓata aikin ne ya gagare ni. Na san kurakuran 'yan koyo kamar yadda na san sunana. Suna danna yatsa wuri ɗaya har ya yi kwari, suna cinye kaifin baki ya zama dagwalgwal, suna barin fenti a lungun kusa, suna gurza a bushe su bar zane. Na ce to bari in yi ɗaya bayan ɗaya. Na danna yatsa na yi kwarin, na ja baya na kalle shi, raina ya ɓaci. Umma ta tambaye ni ko gishiri ya ƙare, na juya na amsa mata, ko da na dawo da idona hannuna ya riga ya bi wurin ya daidaita shi. Na yi zane da gangan da busasshiyar sanfefa. Bayan azahar na neme shi na rasa.

"Ke wai ba cewa kika yi za ki ɓata ba? Wannan ai har fuskata nake gani," in ji Umma ranar Juma'a da ta zo dubawa.

"Na bar fenti a nan." Na nuna mata wani ɗigo a lungu da bai kai ƙwayar gero ba.

"Wannan ne ɓatawar?"

"Umma hannuna ya ƙi."

Ta yi tsaki ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, duk taurin kan ubana na kwaso. Na bi shi da mai laushi, lamba ɗari huɗu, na ce a nan zan tsaya don ɗan koyo ba zai wuce nan ba. Sai na ga ai saura kaɗan, na ɗauko ɗari shida. Da na ɗauraye shi na tsane da tsumma, sai ga shi baƙi sumul, babu ƙyalli babu zane, irin wanda fenti ke kamawa ya zauna. Na ji daɗi a raina, kuma wannan jin daɗin shi ne wautar da ta fi duka.

Asabar na ce ciwon kan ya sauka. Na yi kwalliyar da ba a zuwa shago da ita, atamfa shuɗiya mai ɗigon fari, ɗinkin riga da siket, na ɗora rigar aiki a sama don kar Baba ya yi tambaya. Umma ta fesa min turarenta na unguwa ta ce in tafi da addu'arta. Ƙarfe goma saura na ce wa Baba zan sayo sabulu, na fita da murfin a cikin baƙar leda.

Rafali yana jira a kwanar shago a kan babur ɗinsa, cikin farar riga mai dogon hannu da wando baƙi, an yi aski. Yatsunsa biyu da filasta. Akwai wani buhu ɗaure a bayan babur ɗin, ban tambaya ba. Na miƙa masa ledar, ya buɗe ya leƙa ya daɗe yana kallo.

"Ya yi kyau," ya ce.

"Ka ce kwana shida ka yi. In ya tambayi lambar sanfefa, ka ce wadda ya ba ka ce ta cinye ta yi laushi."

"Har amsoshin kin shirya."

"Ka saki fuskarka mana, kamar wanda za a yi wa allura."

Ya kwance buhun, ya zura ledata a ciki, ya ce in yi gaba zai biyo ni. Na koma shago ba sabulu, na zauna a kan kujerata na jawo wani tankin faiba ina shafa shi ba tare da na san me nake yi ba.

Baba yana kan bencinsa yana tace fenti da tsohuwar safa. Rafali ya yi sallama, ya durƙusa ya gaishe shi, suka yi ta jan gaisuwa har da tambayar 'yan makaranta. Sannan Baba ya ajiye gwangwani ya goge hannu.

"To malam, ina aikina?"

Rafali ya sa hannu cikin buhu. Na sunkuyar da kai ina jiran ƙarar leda. Ban ji ta ba. Abin da na ji shi ne wani ƙwas a kan teburi, da na ɗago sai ga narkakken murfin nan a gaban Baba, ya fi yadda yake a hoto muni.

"Baba na ɓata shi," in ji Rafali. "Na gaji ne a kwana na huɗu, na nemi hanyar sauri. Laifina ne, ba na wanda ya sayar min da maganin ba."

Baba ya gyara tabarau, ya ɗaga murfin da yatsa biyu, ya juya shi, ya shinshina. Kafaɗunsa suka fara rawa. Na ɗauka fushi ne, ashe dariya ce, ya yi ta har tari ya sarƙe shi.

"Na ƙofa suka ba ka ko? Mai jan gwangwani?"

"Shi ne, Baba."

"Ka rufe da leda kuma."

"Sun ce ya fi ci."

"Ai kuwa ya ci." Baba ya share ido da bakin rigarsa. "Ina da shekara goma sha tara na yi wa maigidana irin wannan, nawa ma gaban babur ne gaba ɗaya, na mutane. Bayan gida na kai shi na binne. Sai da ya sa na tono shi da hannuna." Ya ajiye murfin. "Fenti nawa ka tarar?"

"Uku. Ja, shuɗi, rawaya."

"Huɗu ne. Akwai fari a ƙasa, ba ka kai ba. Ni na zaɓa maka shi."

Na fara numfashi. Na ce a raina ashe abin zai zo da sauƙi, Allah ya sa buhun nan ya yi zamansa. Rafali ma ya fara naɗe bakin buhun yana tura shi bayan ƙafarsa. Amma Baba shekara arba'in yana kallon robobin babur, ko cikin bargo aka naɗe murfi zai gane shi.

"Wancan fa na cikin buhun?"

"Ba nawa ba ne, Baba."

"Na wane ne?"

Rafali ya kalli ƙasa. "Ba zan yi maka ƙarya ba, kuma ina roƙon kar ka sa in faɗa."

"To kar ka faɗa. Miƙo."

Ya miƙa. Baba ya zare ledar. Bai ko kalli murfin ba, ya rufe ido kamar yadda yake yi, ya bi bakin murfin da babban yatsa tun daga sama har ƙasa, ya dawo, ya shafa tsakiya da tafin hannu, ya shiga lungun kusa ya tsaya a kan ɗigon da na bari. Ya ɗan murmusa, murmushin da ban so ba.

"Da ɗari shida aka gama shi. Ruwa bai taɓa yankewa ba. An bar min ɗigo a nan don a raina min hankali." Ya buɗe ido. "Kuma daga dama ake jan sanfefar zuwa hagu. Bahagon hannu ne."

Ni kaɗai ce bahaguwa a gidanmu.

Injin iska ya tashi da kansa a lungu, ya yi gurnaninsa ya mutu. Baba bai kalle ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

"Ciwon kan ke nan," ya ce.

"Baba, tsoro na ji kar ka..."

"Ban tambaye ki ba."

Ya jera murafan biyu a kan teburi, narkakken da sumul ɗin, ya juya wajen Rafali.

"Malam, ni ban taɓa neman suruki mai iya sanfefa ba. In sanfefa nake so ina da mai yi min. So nake in ga abin da mutum zai kawo min ranar da abu ya lalace a hannunsa. Kai ka kawo. Ka gaya wa manyanka ƙofata a buɗe take, duk ranar da suka shirya."

Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara tunanin yadda zan ba Umma labari. Rafali ya buɗe baki zai yi godiya, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ban gama ba. Ni ba na sayar da babur in ɓoye inda ya tsage. Wannan 'yata ce, ina son ta, duk garin nan babu mai hannunta. Amma ka ga abin da ta yi min da ta ji tsoro, ni da na haife ta, kuma ta zauna kwana biyu tana yi hannunta bai yi rawa ba. Gidan aure kuwa ba a rasa ranar tsoro. Ban san da wannan ba sai yau, kai ma yau ka sani."

"Tun Laraba na sani, Baba," in ji Rafali a hankali.

"To ka fi ni. Je ka yi kwana uku ka yi tunani. In ka dawo ka ce ka fasa, ba zan ga laifinka ba, kuma gaisuwarmu tana nan."

Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa, amma ban karaya ba. Na san Rafali. Mutumin da ya yi wata takwas yana zagayowa ta layinmu da babur mai lafiya yana cewa a duba masa fenti, mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce. Na ɗago na kalle shi ta gefen mayafi, ina jira ya ce Baba ba na bukatar kwana uku, ko minti uku ba na bukata. Har na shirya yadda zan sunkuyar da kai in ya faɗa.

Ya kalli murfin nan sumul da na yi masa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki narkakken nasa ya mayar cikin buhu, ya miƙe, ya duƙa wa Baba.

"To, Baba," ya ce. "Zan yi tunanin."